Tambaya da Amsa: A yi maganar rigakafin mura a emajensi?

Tambaya: Likita, ni nas ce a sashen gaggawa. Da hunturu ya kama, tsofaffi masu asma da ciwon suga ke cika mana gadaje da sarƙewar numfashi. In na kawo maganar allurar rigakafin mura, sai su ce ai ita ke jawo murar. Abokan aiki kuma suna cewa emajensi ba wurin wa'azi ba ne. In haƙura?

Amsa: Kada ki haƙura, Sista. Yawancinsu ba sa ganin likita sai ranar da aka kawo su ranga-ranga. Ki bari numfashi ya daidaita, ana rubuta takardar sallama, sannan ki yi maganar a gaban ɗan da ya kawo shi, tunda shi zai biya. Allurar ba ta cikin rigakafin da gwamnati ke yi kyauta a Najeriya. Mai zazzaɓi mai zafi kuwa a jira ya warware.

Amma wannan batu na "ita ke jawo mura" ya ishe ni. Ƙwayar cutar da ke cikin allurar matacciya ce. Matacce zai hayayyafa? Tsamin dantse da ɗan zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu, garkuwar jiki ce ke aiki. Sai an yi kusan mako biyu kariyar ke kankama, don haka wanda ya kwashi cutar a layin asibiti zai kwanta, ya ɗora wa allura laifi, wani ya naɗi murya ya watsa a WhatsApp. Kuma infuluwenza, wato mura mai tsanani, kaɗai take karewa, ba kowace atishawa da yoyon hanci ba. Ki faɗa musu haka ƙarara, har da cewa kariyar ba ɗari bisa ɗari ba ce, kuma duk shekara ake sabuntawa saboda ƙwayar na sauya kama. In kin ɓoye, gobe ba za su yarda da ke ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 290,000 zuwa 650,000 ke mutuwa duk shekara saboda infuluwenza. Amma dattijon da ke tsoron allura guda, shi ne zai miƙa wa mai kemis ɗin unguwa hannu a ɗura masa Ampiclox, maganin da bai taɓa kashe bairos, irin ƙwayar da ke kawo mura, ba!

Masu ciki da maniyyata ma ki tuna musu, don hukumomin lafiyar Saudiyya na ba alhazai shawarar yin ta kafin tafiya. Ke kanki kin yi taki ta bana?