Firiza Ta Daina Sanyi Alhali Garanti Bai Ƙare Ba: Wa Zai Ɗauki Asarar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Zariya. Gab da Babbar Sallah maigidana ya saya mini sabuwar firiza a cikin kwalinta a wani shagon kayan lantarki, a kan naira 420,000, aka ba mu rasit da katin garanti na shekara ɗaya. Mako bakwai da kawo ta sai ta daina sanyi. Fitilarta tana kamawa, ana jin ƙarar injin, amma ƙanƙara ba ta haɗuwa, har sai da na rarraba wa maƙwabta sauran naman Layya don kada ya lalace. Da maigida ya koma shagon, sai mai shagon ya nuna masa rubutun da ke ƙasan rasit cewa kayan da aka saya ba a mayar da su, ya ce shi sayarwa kawai ya yi, mu je mu nemi kamfanin. Yanzu maigida yana son ya kira mai gyaran firij na unguwarmu. Shin muna da wani haƙƙi a kan mai shagon, ko kuwa haƙuri za mu yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Kafin a shiga maganar doka, ki lallashi maigida ya dakata da kiran mai gyaran nan, komai ƙwarewarsa. Da zarar ya kwance murfin baya, ya yanke bututu, ya ɗura gas ya liƙe da walda, to ya bar tabon da duk ma'aikacin kamfani zai gane da kallo ɗaya, kuma kusan kowane katin garanti yana ɗauke da sharaɗin cewa alkawari ya warware idan wani wanda kamfanin bai amince da shi ba ya buɗe na'urar. Mutane da yawa a nan suke zubar da haƙƙinsu da hannunsu saboda gaggawa, sai daga baya su zo suna neman mafita bayan ƙofa ta rufe.

Abin da mai shagon bai gaya muku ba shi ne, garanti biyu ne a kan firizar nan. Akwai na katin da ke hannunki, wanda alkawari ne da kamfanin ya ɗauka don raɗin kansa, kuma shi ya tsara sharuɗɗansa yadda ya ga dama. Akwai kuma wanda doka ta ɗora a wuyan mai sayarwa, ko ya so ko bai so ba, ko an rubuta shi a takarda ko ba a rubuta ba. Wannan na biyun yana cikin Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019, kuma ita ce ta kafa FCCPC, wato hukumar tarayya mai kula da gasa da kare haƙƙin masu saye, a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye da aka kafa tun 1992. Sashe na 131 na dokar ya ce mai saye yana da haƙƙin a ba shi kaya masu inganci, marasa aibi, waɗanda za su yi aikin da aka saye su dominsa, kuma su ɗore na tsawon lokacin da hankali zai ɗauka. Sashe na 132 ya ƙara da cewa idan kayan suka gaza cika wannan cikin wata uku daga ranar da aka miƙa su, mai saye zai iya mayar da su ga wanda ya sayar masa ba tare da an ci shi tara ba, kuma ɗawainiyar mayarwar tana kan mai sayarwa, wanda dole ne ya yi ɗaya daga cikin uku: ya gyara, ko ya musanya da wani, ko ya mayar da kuɗi.

Mako bakwai bai kai wata uku ba. Saboda haka mai shagon ba shi da hurumin tura ku kamfani ya naɗe hannu, domin shi ya karɓi kuɗinku, kuma shi dokar ta ambata. Idan yana da ƙorafi a kan dilan da ya sari kayan a wurinsa ko kamfanin da ya ƙera su, wannan tsakaninsu ne. Rubutun ƙasan rasit kuwa, wanda ya zama ruwan dare a shagunanmu har mutane suka ɗauka doka ce, ba shi da ƙarfin soke haƙƙin da majalisa ta ba mai saye, kuma hukumar FCCPC ta sha bayyana cewa sharaɗin hana mayar da kaya masu aibi ya saɓa wa doka. Sai dai kada ki sa rai cewa kuɗi za a ƙirgo muku nan take. Galibi da gyara ake farawa, kuma idan an yi shi da kyau ba tare da kun biya ko kwabo ba, mai shagon ya sauke nauyinsa.

Shawarata ita ce ku mayar da maganar a rubuce, domin maganar fatar baki a bakin shago iska ce ke kwashe ta. Maigida ya rubuta gajeriyar wasiƙa mai ɗauke da ranar saye, da lambar rasit, da lambar da ke manne a bayan firizar, da ranar da ta daina sanyi, da abin da kuke nema, ya ba da wa'adin mako biyu, ya sa mai shagon ko yaronsa ya sa hannu a kan kwafin da zai riƙe. Idan sun ƙi karɓa, a ɗauki hoton wasiƙar a tura ta WhatsApp zuwa lambar da ke jikin rasit. Ainihin rasit da katin garanti kuwa kada su bar hannunku, kwafi kawai za a bayar. A lokaci guda ku kira lambar da ke kan katin ku sanar da kamfanin, ku nemi lambar ƙorafi, don ya zama an shaida cewa matsalar ta faru garanti yana da rai.

Idan wa'adi ya cika shiru, a kasuwanninmu akwai matakin da yakan fi takardar lauya saurin aiki, wato kai ƙara ga shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwar, domin ɗan kasuwa ba ya son a kira shi gaban abokan sana'arsa a kan cin haƙƙi. Idan nan ma ba a dace ba, sashe na 146 ya ba ku damar kai ƙorafi ga FCCPC, wadda hedkwatarta ke Abuja kuma take karɓar ƙorafi ta intanet, ko kuma ku wuce kotu kai tsaye.

TAMBAYA: Malam, ni daga Gusau nake. Talabijin ɗina wata takwas da saye, garantinsa na shekara ɗaya ne. Wata rana da dare aka kawo wuta da ƙarfi, ya yi ƙara ya mutu. Wakilan kamfanin sun ce ƙarfin wuta ne ya ƙona shi, don haka sai na biya kuɗin gyara. Haka abin yake?

AMSA: Malam, naka ya fi na Hajiya wuya, kuma gara in gaya maka gaskiya. Wata ukun sashe na 132 ya wuce, don haka abin da ya fi ƙarfi a hannunka shi ne katin, kuma katunan garanti sun saba cire ɓarnar hawa da saukar wuta, da tsawa, da shigar ruwa, da faɗuwa ƙasa, domin alkawarin kamfani a kan aibin ƙira ne. Ana ƙera waɗannan na'urori ne don wutar da ke kusa da bolt 230, kuma kowa ya san yadda wutarmu take yi. Duk da haka kada ka yarda da hukuncin baki. Ka nemi su rubuta maka abin da suka gani da sunan ɓangaren da ya ƙone, domin sashe na 145 ya ɗora nauyin kawo hujja a kan wanda ya sayar idan aka yi zargin kaya suna da aibi, kuma kalmar "wuta ce" ta zama mafakar da wasu ke fakewa da ita ko da ba su buɗe na'urar ba. Idan kuma a daren kayan maƙwabtanka ma sun ƙone, to ku haɗu ku rubuta ƙorafi ga kamfanin rarraba wutar yankinku, idan bai saurare ku ba ku ɗaukaka shi zuwa hukumar NERC mai kula da harkar lantarki.

TAMBAYA: Firij na hannu na saya a Kano, irin wanda ake cewa ɗan Kwatano, babu kati, an dai jona shi a gabana ya yi sanyi. Kwana huɗu ya tsaya. Ina da magana?

AMSA: Kana da ita, Malam, amma ta dogara ga abin da aka faɗa lokacin ciniki. Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna wannan a babin zaɓin mayar da kaya saboda aibi: idan aibin yana nan tun kafin ciniki kuma ba a bayyana maka shi ba, kana da damar mayarwa, amma aibin da aka nuna maka ka gani ka yarda, ba ka da ikon dawowa a kansa. Firij ɗin da gas ɗinsa ke yoyo a hankali zai iya yin sanyi a shago idan an ɗura masa da safe, ya kuma tsaya bayan kwana huɗu, kuma alƙalin kotun Musulunci zai iya sauraron irin wannan da'awa idan kana da shaidu. Ka koma wurin mai kayan tare da wanda ya raka ka ranar ciniki, kafin kowa ya taɓa firij ɗin. Idan ya yarda ya musanya maka, ka sa ya rubuta a bayan rasit adadin kwanakin gwajin da ya ba ka a kan sabon, ya sa hannu da kwanan wata.