Sauke ƙaramin jirgin ruwa daga tirela don a yi mata gyara

Malam, ka ce tsatsa ta ci tirelarka, wato amalanken da ake ɗora jirgin a kai mota ta ja, kana son a yi mata walda, kuma ba ka da injin ɗaga jirgin. Idan ruwa na kusa, ka saka shi a ruwa ka ɗaure, ka huta.

In kuwa a gida ne, fara rage masa nauyi: cire doguwar sandar da ke riƙe ƙyallen iska, da inji, da batir, ka kwashe ruwan da ya taru a ciki. Nemi fili mai tauri, ka sa wa tayoyi waigi.

Sai ka sauke bakin tirelar, wato gaban da ake haɗawa da mota, har ƙasa, bayan jirgin zai ɗaga. Jera katakai masu kauri a ƙarƙashinsa, hagu da dama, ka shimfiɗa tsumma a kai. Yanzu ɗaga bakin tirelar da jak, za ka ga bayan jirgin ya zauna a kan katakan. Gaban ne mai wuya. Gitta katako mai ƙarfi a ƙarƙashinsa, kowane ƙarshe a kan tarin katakai, da tazarar da tayoyin za su wuce ta tsakiya. Sassauta jak ɗin, ka cire waigin, a ja tirelar da hannu, taku ɗaya ɗaya, wani na kallon jirgin.

Don Allah kada ka ɗora shi a kan bulo, yana fashewa ba zato. Kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin jirgin. Kafin ka fara, ka yi wa mazauninsa alama da alli don mayarwa.