Wuƙar farko ta shiga daji: ka fara tunanin tsatsa kafin tsawo

Wa alaikumus salam ƙanina. Na ga tambayarka, ka ce kun fara zuwa kamun kifi da kwana a gona wajen garin Epe a jihar Legas, kana son wuƙar da ba ta naɗewa, kuma idonka ya faɗa kan wata doguwa mai haƙoran zarto a bayanta. Don Allah riƙe kuɗinka tukuna.

Irin wannan na taɓa saya a wata kasuwa a nan Legas. Tana walƙiya, ga nauyi a hannu. Fita ta biyu ina sassaƙa turken da za mu ɗaure tamfol, sai na ji ƙas, ruwan wuƙar ya yi gefe, mariƙin ya rage a hannuna. Da na duba ciki, ashe wani siririn ƙarfe ne kamar ƙusa aka yi wa walda ya shiga cikin mariƙin. Allah ya tsare, da a cinyata ta sauka. Tun ranar nake fara tambayar yadda ƙarfen ya shiga mariƙi. Mafi ƙarfi ita ce wadda ƙarfen ya ratsa har ƙarshe, kana ganinsa tsakanin katako biyu da aka ɗaure da ƙusoshi.

Amma babban abin da ya bambanta mu da 'yan'uwanmu na gida shi ne laima. Wuƙar da na zo da ita daga Arewa maƙeri ne ya ƙera min ita da sifirin mota, ga kaifi kamar aska, ga kube na fata mai ado. A can ta shekara lafiya. Nan kuwa, cikin watan Yuni na dawo daga bakin ruwa, na goge ta sama-sama na mayar kube. Bayan mako biyu na zaro ta, ta yi jawur, tsatsa ta ci bakin har ya yi ƙananan ramuka, fatar ma ta yi fumfuna. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin tsarabar gida ce. Baƙin ƙarfe yana ɗaukar kaifi, yana da sauƙin wasawa, amma kullum sai an busar da shi an shafa masa mai. Kuben fata kuma riƙe danshi yake yi. Ga ruwan lagun, wato babban tafkin nan na Legas, da ke gauraya da na teku, gishiri yana ƙara wa tsatsa gudu.

Saboda haka a wuƙar farko ina ba ka shawarar farin ƙarfe, wanda a kasuwa ake kira sitenles. Sinadarin kuromiyam da ke cikinsa, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, shi ke kare shi. Shi ma idan ka bar shi da ruwan gishiri zai yi tabo, sai dai yana da haƙuri da mai mantuwa.

Tsawo kuwa, santimita 9 zuwa 12 ya ishe ka, kusan faɗin tafin hannunka. Da ita za ka fiɗe karfasa, ka yanka igiya, ka fere rogo, ka fiƙe tsinken gashi. Saran itace da share ciyawa aikin adda ne, kuma babu gonar da ba ta da adda. Doguwar wuƙa ba ta kai adda sara ba, kuma ta yi wa cikin kifi girma.

Wadda nake riƙe da ita yanzu Morakniv Companion ce, ƙirar ƙasar Suwidin, ruwanta santimita 10 da 'yan kai. Gaskiya ƙarfenta bai ratsa mariƙin har ƙarshe ba, don haka ba na dukan ta da guduma, amma ba ta taɓa ba ni kunya ba. Mariƙinta na roba ne. Ka san yauƙin tarwaɗa, hannu ya yi santsi ga duhun asuba, a nan za ka gane darajar mariƙin da ba ya zamewa. Kubenta ma roba ne, idan ta shiga za ka ji ta kama. Akwai mai baƙin ƙarfe da mai fari, ka karanta abin da aka rubuta a jikin ruwan. In ba ka same ta ba, nemi mai irin wannan siffa, ka riƙe ta a hannu kafin ka biya.

Ka haɗa da dutsen wasa. Bakin irin wannan wuƙar yana da faɗi, kwantar da shi kawai za ka yi a kan dutse ka ja. In hannunka bai saba ba, je wurin mahautan Oko-Oba a Agege ka zauna ka kalli yadda suke yi.

Abu ɗaya kuma, kada ka soke ta a ƙugu ka hau danfo, wato motar bas ta haya. Sa ta cikin kube, can ƙasan jaka tare da ƙugiya da koma, yadda duk jami'in da ya buɗe zai ga kayan aiki ne. In kun sa ranar fita ta gaba ka yi min magana, zan kawo tawa ka gwada.