Kwaroron roba tsakanin ma'aurata a Tailan

'Yar'uwa, kin tambaya ko nasarar Tailan kan ƙanjamau ta shiga ɗakin aure. Gaskiya ba sosai ba. Shirin tabbatar da amfani da kwaroron roba da wani jami'in lafiyar ƙasar, Dakta Wiwat, ya fara a lardin Ratchaburi a 1989, aka faɗaɗa shi ƙasa baki ɗaya a 1991, gidajen karuwai ya nufa, kuma can ya yi tasiri ƙwarai. Amma a gida, matar da ta ce wa mijinta ya sa kwaroron roba, sai ya ɗauka zarginsa take yi, ko ita ce ba ta da gaskiya. Haka mata da yawa suka kamu daga mazajensu, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Shi ya sa asibitocinsu suke ƙarfafa miji ya bi matarsa awon ciki a gwada su tare.