Tsohon keken tsere a cikin gwanjo: ka san abin da ke hannunka kafin ka yanka masa kuɗi

Tambaya daga wani mai sayar da kekuna na hannu a Katsina: "Ina saro kekuna daga Kano, wani lokaci ta Maraɗi. A kayan da na sauke kwanan nan akwai tsofaffin kekunan tsere guda uku masu siraran taya da lanƙwasasshen kai. Ɗaya Raleigh ne, ɗaya Peugeot, na ukun sunansa ya goge. An ce mini irinsu suna tsada a Turai. Yaya zan gane samfurinsu da shekarunsu? In yi musu sabon fenti in ajiye, ko in sayar yadda suke?"

Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Maganar fenti a ajiye ta tukuna, kada a kai su wurin mai feshi, kada kuma yaran shago su kankare wata takarda da ke manne a jikinsu. Mai neman tsohon keke fentin asali da tambarin asali yake biya wa kuɗi, ko da sun koɗe. Ranar da aka fesa sabon fenti, shaidar da za ka nuna masa ta tafi. Ruwa da sabulu da tsumma sun isa, sai ɗan kananzir a wuraren da giris ya daskare.

Abu na biyu, tsufa kaɗai ba ya sa keke tsada, suna ma haka. Raleigh da Peugeot sun ƙera kekunan tsere masu araha bila adadin, sun kuma ƙera 'yan kaɗan na ƙwararru, duk da suna ɗaya a jiki. A Peugeot, UO-8 na kowa da kowa ne, PX-10 kuwa shi ne na manya. A Raleigh, Record da Grand Prix na ƙasa ne, Competition da International da Professional na sama. Don haka aikinka biyu ne: ka gano shekara, ka kuma gano mataki. Matakin ne ya fi taɓa aljihu.

Mu fara da shekara. Kifa keken, ka goge ƙarƙashin gidan da sandar feda take juyawa a ciki. Yawanci a nan lambar firam take, wani lokaci a wurin da ƙafar baya ke ɗaurewa ko a bututun da sirdi ke shiga. Idan Raleigh ɗinka ƙirar Ingila ne daga wajajen 1974 zuwa shekarun 1980, za ka ga haruffa biyu sannan lambobi. Harafin farko masana'anta ce: N na nufin Nottingham, W na nufin Worksop, inda ake ƙera masu kyau har aka rufe wurin a 1981. Lambar farko bayan haruffan ita ce ƙarshen shekara, wato 7 na nuna 1977 ko 1987. In kuwa ka ga SB a farko, to ka riƙe shi da kyau, wannan daga Ilkeston ya fito, ƙaramin sashen da ya riƙa ƙera wa ƙungiyar tsere ta TI-Raleigh kekuna, ƙungiyar da Joop Zoetemelk ya ci gasar zagayen Faransa da ita a 1980. Lambar Peugeot ba ta da tsari mai tabbas haka, kada ka dogara da ita.

Abin da ya fi lambar firam gaskiya shi ne kwanan watan da ke jikin kayan keken. Shimano, kamfanin kayan keke na Japan, na buga haruffa biyu ƙanana a bayan hannun feda, da bayan na'urar canza giya, da jikin birki. Na farko shekara ne: A ita ce 1976, B 1977, haka har K ta zama 1986, Z ta zama 2001, sannan aka sake komawa A a 2002. Na biyu wata ne, daga A Janairu zuwa L Disamba. Ka ga KC, Maris ke nan na 1986. Campagnolo na Italiya kan rubuta PAT. da lamba biyu a saman na'urar giyar baya, misali PAT. 73, a bayan hannun feda kuma lamba ɗaya: in tana cikin zane mai kusurwa huɗu shekarun 1970 ne, in tana cikin da'ira shekarun 1980. Idan ka ci karo da keke mai giya uku a cikin cibiyar ƙafar baya, ƙirar Sturmey-Archer, shekara da wata suna rubuce a fili a jikin cibiyar, 74 6 na nufin Yuni 1974.

Sai dai kaya ɗaya ba ya yanke hukunci. Keken da ya shekara arba'in a hannun mutane an canza masa abubuwa. Nemi guda uku da suka yi daidai da juna, kamar birki da hannun feda da giya. In sun nuna shekara ɗaya, keken na wannan shekarar ne ko ta gaba da ita, domin kaya kan ɗan zauna a masana'anta kafin a haɗa. Ƙafafu da sirdi su aka fi canzawa, shaidarsu ita ce mafi rauni.

Shi na ukun da sunansa ya goge, tef ɗin awo zai taimaka. Cire ƙafar baya ka auna tsakanin bakin firam biyu daga ciki. Milimita 120 na zamanin giya biyar ne, har zuwa ƙarshen shekarun 1970. Milimita 126 na giya shida ko bakwai ne, shekarun 1980. Milimita 130 daga wajajen 1990 ne zuwa sama. Dubi kuma makunnin giya. In yana kan bututun da ya gangara daga kai zuwa feda, yana tafiya sumul ba ƙara, tsohon tsari ne. Mai ƙas-ƙas a kowace giya Shimano ta fito da shi a 1984, wanda aka haɗa da hannun birki kuwa sai 1990. Wayar birki da ta fito ta saman hannu ta yi baka a iska ita ma alamar kafin tsakiyar shekarun 1980 ce. A ɗan'uwan wannan awo, faɗin gidan sandar feda zai nuna maka ƙasa: milimita 70 yawanci Italiya, 68 Ingila ko Japan ko Faransa.

Yanzu mataki, inda kuɗin yake. Duba bututun sirdi ko ƙafar fok, ko akwai 'yar takarda mai ɗauke da sunan ƙarfen. Reynolds 531 na Ingila, wanda aka fara yi tun 1935, da Columbus na Italiya mai hoton kurciya, da Tange na Japan, da Vitus na Faransa, waɗannan ƙarfe ne mai kyau. Carbolite 103 a jikin Peugeot, ko 20-30 a jikin Raleigh, ƙarfe ne na gama-gari. In takardar ta ɓace, zaro sandar sirdi, za ka ga lamba a gindinta. Kaurin milimita 27.2 na nuna bututu marar kauri mai inganci, 25.4 ko kusa da haka na nuna mai arha, amma na Faransa awonsu daban ne, mai kyau a wurinsu kan zo 26.4 ko 26.6. Sannan ka tsuguna ka dubi bakin da ƙafar baya ke shiga. A keke mai daraja ƙarfen wurin mai kauri ne, an sassaƙa shi, kuma kunnen da giya ke ɗaurewa a jikinsa yake. A mai arha falle ne da aka datsa daga faranti, giyar kuma da wata ƙugiya daban aka rataya ta. Ka sa maganaɗisu a rim: in ya kama, ƙarfe ne ba alminiyam ba, alamar keken ƙasa, kuma birkinsa ba ya ci da damina. Daga ƙarshe ka rataya shi a sikeli. Kilo 10 ko ƙasa kaɗan abin a tsaya a duba ne, kilo 13 zuwa 14 keken hawa ne kawai.

Kafin ka yi murna, nemi lahani. Shafa yatsa a ƙarƙashin bututun da ke bayan kai. In ka ji kumburi ko ka ga fenti ya tsage a zagaye, keken ya taɓa karo ta gaba, firam ya lanƙwashe, darajarsa ta faɗi warwas. Gwada sandar sirdi da wuyan kai, su motsa in an kwance su. Alminiyam da ya daɗe a cikin ƙarfe kan manne, kuma fitar da shi da ƙarfin tsiya na fasa bututu. A ɗiga masa mai a bar shi kwanaki, ban da guduma.

Akwai tarkon da ke cinye riba a wurin mai gyara, ka ja masa kunne tun wuri. Zaren tsohon Peugeot na Faransa ne, na kasuwa ba ya hawa, kuma kofin da ake murɗawa a gidan sandar feda ta gefen sarƙa, a keken Ingila zarensa na hagu ne, a na Faransa da Italiya na dama. Raleigh ɗin Nottingham ma zare 26 a inci yake da shi a maimakon 24 da kowa ke amfani da shi. In aka tilasta sabon kofi, zaren firam ya lalace ke nan. Taya ma haka: 27 inci lambarta 630, 700C lambarta 622, ta Raleigh ɗinmu na ƙauye 28 inci kuma 635. Ba sa hawa rim ɗin juna. Karanta lambar da ke gefen tsohuwar taya kafin ka aika a sayo.

Batun tsada a Turai gaskiya ne, amma ga kaɗan. Akwai taruka irin L'Eroica da aka fara a Italiya a 1997, inda ba a hawa sai keken da aka ƙera zuwa 1987, mai makunnin giya a jikin firam, shi ya sa ake neman masu kyau. Amma can aka tattaro waɗannan aka turo mana, kuma masu tattarawa kan tsince na kirki tun kafin a loda. Kuɗin mayar da keke ɗaya Turai kan haura kuɗin keken ƙasa gaba ɗaya. In za ka duba farashi a eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, dubi waɗanda aka riga aka sayar, domin abin da mai kaya ya yanka daban, abin da aka biya daban.

Ga yadda nake ganin za ka raba su. Wanda ya fito na gama-gari, sa masa taya da wayar birki da giris, kada kuɗin gyara ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na abin da kake sa ran samu, ka sayar wa ɗalibai ko masu motsa jiki a nan Katsina, jarinka ya juya. Wanda ya nuna ƙarfe mai kyau da kayan asali, wanke shi kawai, ka ɗauke shi hoto ta gefen sarƙa da rana, da hoton lambar firam, da takardar ƙarfe, da haruffan shekara, da duk wani lahani, ka tallata wa masu tseren keke na Kano da Abuja da Legas ta Facebook ko Instagram. Tsoffin kayan da ka cire, ko sirdi ne da ya yage, ka zuba a leda ka haɗa wa mai saye. Kada ka liƙa wa marar suna tambarin da ba ka tabbatar nasa ba ne, ha'inci ne, kuma masu sayen irin wannan kaya sun fi ka sanin lambobin. Ka ba shi wata biyu zuwa uku. In bai tashi ba, sassauta farashi, ko ka kwance kayan Campagnolo ko Shimano na sama ka sayar daban, firam daban.