Kariya a Kan Rufin da Ake Ɗagawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi tsohuwar motar Volkswagen mai rufin da ake ɗagawa a kwana a ciki, ina zirga-zirga da ita tsakanin Daura da Katsina. Zan iya sanya mata kariya, wato ƙarfen ɗora kaya a kan rufi? Daga wani mai karatu a Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Za ka iya, amma ka fara duba littafin motar ka ga iyakar nauyin da rufin ke ɗauka, domin irin wannan rufi bai kai na Hiace ƙarfi ba, kuma nauyin kariyar kanta yana cikin lissafin. Idan iyakar kilo 50 ce, kariyar kuma kilo 15, abin da ya rage maka kilo 35 ne kacal.

Abin da ya fi damuna shi ne walda. Kada ka bari mai walda ya taɓa rufin. Da kusoshi da noti ake ɗaure kariyar, a sanya farantin ƙarfe ta ciki don kada rufin ya tsage, sannan a cike kowane rami da silikon, in ba haka ba ruwan Agusta zai ɗiga a kan katifarka.

Sandunan ƙarfe ne ke riƙe rufin idan an ɗaga shi, saboda haka ka sauke kaya kafin ka ɗaga. Jarkar ruwa da buhun gero wurinsu cikin mota ne. Tabarma da darduma su hau sama. Bayan tafiyar farko, ka sake ɗaure notunan.