Tambaya da Amsa: An ɗauki ɗiyata karatun shekara ɗaya a Amurka, in bar ta ta tafi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ɗiyata ce 'yar shekara 16 tana SS2, ta yi jarabawa da intabiyu an ɗauke ta a shirin nan na musayar ɗalibai, za ta je Amurka ta zauna gidan wasu Turawa shekara guda tana zuwa makaranta. Babanta ya amince amma ni wallahi tunda takardar nan ta zo bacci ya ƙaurace min. Yayyen babanta sai cewa suke za mu kai yarinya ta lalace, ta dawo ba sallah ba ɗankwali. Ga maganar abinci, ga WAEC ɗinta. Dan Allah ki ban shawara. Daga wata uwa a Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri ya yi wa yarinyar nan albarka, don ba ƙaramin ƙoƙari ta yi ba. Ba ki faɗi sunan shirin ba amma daga bayaninki ina kyautata zaton YES ne, wato Youth Exchange and Study, shirin musayar ɗaliban sakandare wanda majalisar dokokin Amurka ta kafa a 2002 bayan harin 11 ga Satumba 2001, aka sa masa sunan sanatoci biyu, Edward Kennedy da Richard Lugar, kuma yaran Najeriya sun fara tafiya tun 2003. Ni ma ta wannan hanyar na bi, wani ɗan ƙaramin gari aka kai ni a jihar Iowa, duk inda ka waiga gonar masara ce, shi yasa wasiƙarki ta taɓa ni sosai.

Shawarata ki bar ta ta tafi. Amma abin da nake so ki ji tsoro ba shi ne wanda yayyen babanta ke faɗa ba. Abin da ya fi wahalar da yaranmu a can shiru ne, wannan alkunyar da muka koya musu kuma muke alfahari da ita. Darena na biyu a gidan da aka sauke ni a Iowa, matar gidan ta tambaye ni ko ina jin yunwa na ce a'a na ƙoshi, kin san dai yadda muke, baƙo ba ya cewa eh a karon farko sai an matsa masa an ce haba dai ɗan taɓa. To ita da ta ji na ƙoshi sai ta rufe tukunyarta ta sa a firiji ta ce sai da safe. Haka na kwana da yunwa ina kuka a cikin bargo, na ɗauka rowa ce. Kuma duk lokacin da maigidan yake min magana sai in sunkuyar da kai kamar yadda zan yi wa Babana, ashe su a wurinsu wanda baya kallon idonka ko dai yana ɓoye wani abu ko baya jin daɗin zama da kai. Kusan sati uku muna wannan zaman, su suna ganin bana son su, ni ina ganin ba su damu da ni ba, ga kare yana shiga min ɗaki yana hawa kan sallayata na kasa cewa komai. Sai ranar da jami'ar da ke kula da mu a yankin ta zo ta zaunar da ni na fashe mata da kuka na faɗi duka. Hajiya washegari matar nan ta sa ɗan shinge a ƙofar ɗakina saboda karen, ta ɗauke ni a mota muka je kanti, ta sa tabarau tana karanta bayan kowane gwangwani da ni tana tambaya wannan fa, ya halatta? Har yau in na tuna sai idona ya ciko.

Don haka tun yanzu ki fara koya mata buɗe baki cikin ladabi. Ina jin yunwa. Bana cin wannan. Lokacin sallata ya yi. Ban gane ba a maimaita min. In an gayyace ta coci, kuma da yawa za su gayyace ta don a wurinsu karramawa ce, ta san ba dole bane, ta yi godiya ta ce a'a in bata so. Kuma ba zan ɓoye miki ba, ba kowane gida ne ake dacewa ba, akwai yaran da sai an canza musu gida. Lambar jami'in yankin da lambar gaggawa ta shirin su zauna a kanta kamar Fatiha, duk abin da ya sa hankalinta bai kwanta ba, ko magana ko taɓawa ko matsin lamba, ta faɗa a ranar ba sai gobe ba.

Sallah kuwa ba mai hana ta, amma ba mai tuna mata. Ba kiran sallah, ba Mama da za ta buga ƙofa da asuba. Alƙibla daga can arewa maso gabas take kallo ba gabas ɗin da ta saba ba, ta sa manhajar lokutan sallah a waya. Azahar a makaranta za ta same ta, ta je wurin malamin da ke ba ɗalibai shawara tun satin farko ta nemi ɗan wuri, ni a wani lungu na laburare nake yi. Da hunturu rana na faɗuwa kafin ƙarfe biyar a jihohin arewacin Amurka, sai ki ga azahar da la'asar da magariba sun taho a jere kamar ana koro su. Ki saka mata ƙaramar buta a jaka don banɗakinsu ba buta. Azumi a 'yan shekarun nan cikin sanyi yake faɗowa, yinin gajere ne, wahalar ba yunwa bace, tashi sahur ne kai kaɗai gida tsit, sannan ranar Sallah ka rataya jaka ka tafi makaranta ba wanda ya san ranar mece ce. Wannan ranar ki kira ta, ki tara mata ƙannenta a bidiyo.

Amma sauran ranaku dan Allah ki rage kira. Na san da zafi. Tsakaninmu da tsakiyar Amurka awa 7 ne da hunturu, 6 da bazara, sanda kike shirin kwanciya ita lokacin take tasowa daga makaranta, in kullum tana maƙale a WhatsApp da ku jikinta ne kawai a can, ba za ta yi ƙawaye ba ba za ta saba da mutan gidan ba. Sau ɗaya a sati ya isa. Kewar gida ta fi tsanani wajen Nuwamba zuwa Disamba, ɗokin zuwa ya wuce ga duhu da wuri ga kowa yana bikinsa da danginsa, in ta kira tana kuka a lokacin kar ki ce ta haɗo kayanta.

Abinci, ta haddace sunayen da alade ke ɓuya a ciki, bekon, ham, feferoni da ake sawa a kan fiza, da jelatin da ke cikin wasu alawowi. Kifi da ƙwai da wake da kayan lambu duk suna nan. Ki daka mata yaji ki haɗa da kuka da busasshiyar kuɓewa, a rufe da kyau, kuma ta bayyana su ga jami'an kwastan in ta sauka, amma kilishi da dambun nama kar ma ki fara, basa barin nama ya shiga. Rigar sanyi ki samo guda ɗaya mai kauri a gwanjon Kasuwar Barci ta sauka da ita, sauran a can za a saya, sanyin hunturunmu na Kaduna wani abu ne daban da wanda ruwa ke daskarewa a kan titi. In ta ji sun ce 32 a ma'auninsu na zafi da sanyi to sifili kenan a namu.

Maganar WAEC ki ɗauke ta da gaske. Makarantunsu daga Agusta suke zuwa ƙarshen Mayu ko Yuni, kuma manhajarsu daban da tamu. Kafin ta tafi ku je ke da babanta ku zauna da shugaban makarantarta a rubuta muku ajin da za ta koma in ta dawo, ta tafi da littattafan lissafi da kimiyya na nan, ta kuma dawo da takardar sakamakonta ta can. Ko da ta kai ga maimaita aji ni ban ga asara ba.

Su kuma iyayenta maza kar ki yi musu da su, tsoronsu na ƙauna ne. Babanta ya kai musu takardun su gani, bizar J-1 ce, wato ta ɗaliban musaya, da shekara ta cika dole ta dawo gida. Tarbiyyar shekara 16 da ita za ta hau jirgi. Sai dai ki shirya, za ta dawo tana kallon idonki in kuna magana, tana tambayar dalili in an ce ta yi abu, kar ki yi saurin kiransa rashin kunya, ki ba ta lokaci ta sake gano ma'aunin gida.

TAMBAYA: Anti ni na je na dawo wata huɗu kenan. Abokaina a majalisa sai tsokanata suke wai Ba'amurke, da na fara labarin can sai su sauya zance. Ji nake kamar baƙo a unguwarmu. Daga wani ɗalibi a Kawo.

AMSA: Ƙanena wannan ciwon duk wanda ya je ya dawo ya san shi, ni kusan shekara na yi kafin ya sake ni. Ka tuna su ma shekara guda suka yi ba ka nan, an yi rasuwa an yi biki an yi jarabawa, ka tambaye su nasu labarin tukuna kafin ka ba da naka, kuma ka rage "a can kaza ake yi". Ka nemi waɗanda suka je kafin kai, a wurinsu za ka juye labarin son ranka. Turancin da ka samo kuma ka tara yaran layinku ranar Asabar ka riƙa koya musu karatu, za ka ga yadda unguwa ke karɓarka.

TAMBAYA: Wani ya ce in kawo kuɗi zai samo wa ɗana gurbi a irin wannan shirin. In bayar? Daga wani uba a Rigasa.

AMSA: Alhaji kar ka ba shi ko sisi. Sanda na je YES kyauta ne, gwamnatin Amurka ce ta biya jirgi da sauran ɗawainiya, kuma da jarabawa da intabiyu ake zaɓar yara, ba wanda ke sayar da gurbi. Akwai wasu shirye-shiryen musaya da iyaye ke biya, amma su ma ofishi gare su da takardu, ba a asusun wani mutum ake tura kuɗin ba. Ka tambayi shugaban makarantar yaron, ka kuma duba shafin ofishin jakadancin Amurka da ke Abuja kafin ka miƙa wa kowa fasfo ɗin ɗanka.